Gwanin Irin Albasa Na Jiga Birni

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu tattara mu koma. Kakana, mahaifin babana, wanda mu jikoki muke kira Tsoho, ya riga mu tafiya a ƙarshen sanyin bana, ranar wata Talata da hantsi, daidai lokacin da gonar irinsa ta yi fari fat da fure. Ya ce a miƙo masa takalminsa zai leƙa fadama. Kafin a kawo takalmin ya kishingiɗa a kan tabarma, kuma bai sake tashi ba.

Zauren gidanmu a Jiga Birni bai ɗauki masu gaisuwa ba, sai da aka shimfiɗa tabarmi har gindin dalbejiyar ƙofar gida. An zo daga Aliero da Jega, an zo daga Giwa Tazo da Sarandosa, wasu a babur, wasu a bayan motar ɗaukar albasa. Har wani tsohon malamin gona, Kirista mutumin Zuru, wanda ya bar aiki a yankinmu tun ina saurayi, ya ji labari ya taso. Ya zauna can gefe, ya cire hularsa ya riƙe, hawaye na bin kumatunsa bai damu ya share ba. Liman ya ce yabon gwani ya zama dole, ya daɗe yana yabon. Duk wanda ya durƙusa gaban baffana, ƙanin babana, abin da yake cewa ɗaya ne: Allah shi jiƙan gwani.

Ba zan yi wa kowa ƙazafi ba, kukansu na gaskiya ne. Amma ina zaune ina kallo. Da zarar mutum ya shafa addu'a, sai ya ɗan waiga wajen fadama, sannan ya juyo da idonsa kaina. Na ƙirga wannan waigen har na gaji. A rana ta uku wani dattijo daga Giwa Tazo ya kasa daurewa, ya matso kusa da ni ya rage murya.

"To ɗana, irin ga hwa? Wa za ya tsaya mai?"

Ban kai ga buɗe baki ba wani daga baya ya amsa masa, wai ga ƙaramin gwani nan zaune gabansa, tambayar me yake yi. Aka yi 'yar dariya irin ta mutanen da aka sauke wa kaya. Ni kuwa na dafe aljihun rigata, domin a ciki akwai takardar da na kwana biyar ina ninkewa ina warwarewa.

Ni malamin firamare ne a Maiyama. Babana ya rasu ina ƙarami, a hannun Tsoho na tashi. Takardar nan ta gurbin ƙaro karatu ce a Zariya, abin da na fi shekara goma ina nema. An taɓa ba ni a bara, na roƙi a ɗaga mini saboda idon Tsoho ya yi rauni, aka ɗaga, aka kuma gaya mini a fili cewa ba a ɗagawa sau biyu. Ranar da aka sa in bayyana ta faɗo cikin makonnin da kawunan iri suke nuna, kamar mako shida bayan rasuwar.

Wanda bai san albasa ba zai ce mene ne na tashin hankali, a zuba irin a tulu a rufe, in na dawo hutu a ci gaba. Da gero ne ko dawa, da haka za a yi. Irin albasa ba shi da wannan haƙurin. In ya shekara a ajiye ya yi sanyi, in ya ƙara wata shekarar sai dai a watsa wa kaji, su ma ban tabbata za su kula shi ba. Kowace shekara sai an zaɓi uwaye daga cikin albasar da aka cire, a jera su a rudu, rumfar karan nan da muke ajiyar albasa, a yi ta juya su ana fitar da masu ruɓa duk tsawon damina. Da shigowar sanyi a dasa su, su yi sanda, su yi fure, sannan a bi kawunan ɗaya bayan ɗaya ana yanke kowanne ranar da ya nuna. In ka yi gaggawa ka samu ƙwaya marar ciki, in ka yi jinkiri ta zube ƙasa. Jan irin nan namu mai siririn wuya, wanda yake kai tsakiyar damina a rudu bai lalace ba, daga hannun mahaifin Tsoho ya zo, kuma tun daga lokacin ba a taɓa fashin shekara ɗaya ba. Da an yi fashin, da ya yanke.

Ina rubuta wannan ne don kada a manta da mutumin, a tuna irin kawai. Na ga alamar hakan tun a zaman makoki.

Tsoho yana da rowar kalmar nan, gwani. Mu a wurinmu arha gare ta: gwanin shayi, gwanin ƙwallo, gwanin surutu, yaro ya iya hawan keke ba hannu a ce gwani ne. Shi kuwa in ka yaba masa wani, sai ya ce, ya iya. In abin ya burge shi ƙwarai ya ce, ya ƙware. A iya zamana da shi mutum biyu kawai na ji ya kira gwanaye, wani mai ɗori a cikin garin Aliero da wata tsohuwar ungozoma a Sarandosa. Na taɓa yi masa gardama a kan wani makanikin injin ban ruwa a Jega, wanda daga jin ƙarar inji yake gaya maka abin da ya lalace. Na ce in wannan ba gwani ba ne, to kalmar a jefa ta rijiya mana.

Ya ce, "Ya ƙware, ban hana mai ba. Amma in ya tashi gobe ya koma Yawuri, wani za ya buɗe rumhwa wurin nai, kahin sati a manta da shi. Gwani shi na wanda in ya yi ciwon kai, gari dut shi kwana da zazzaɓi."

A lokacin na ɗauka kirari yake yi wa kansa, har na ce masa tsufa ya zo da cika baki. Sai daga baya na tuna yadda ya faɗe ta. Babu alfahari a muryarsa ko kaɗan, ya faɗe ta ne yadda mutum yake gaya maka ciwon da ya daɗe yana fama da shi. Kuma in aka kira shi da sunan, ba ya amsawa da fara'a. Yakan ce na'am a gajarce ya tambayi abin da ake so, domin ya san ba a kiransa haka sai da buƙata.

Akwai al'adar da muka tashi muka tarar. Duk wanda ya karɓi iri a gidanmu, in ya cire albasarsa ya tara, ba ya barin ɗan kasuwa ya taɓa tarin sai Tsoho ya zo ya zaɓi uwaye. Haka yake bin gonaki da kwandonsa, daga namu har na Giwa Tazo, rana na dukansa. Mai gona zai turo masa manya-manya yana washe baki, shi kuwa ya ture su da bayan hannu kamar bai gani ba. Matsakaiciya yake nema, mai jan ɓawo a ɗame, wadda ba ta rabu biyu a ciki ba. Ya ɗora babban yatsansa a wuyanta ya ɗan danna, ya kai hanci, ya auna ta a tafin hannu. In ka tambaye shi me yake ji, sai ya ce kai ma danna ka ji. Tun ina sakandare yake zube mini goma a gaba ya ce in fitar da uku. In na fitar ya dube su, ya dube ni, ya girgiza kai ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Da na fara koyarwa ya raɗa mini suna Hannun Alli. Ni kuma ina ce masa Mai Ƙarni, kuma sunan yana da dalili.

Furen albasa ba ya ƙulla ƙwaya sai ƙudaje da zuma sun bi shi. Saboda haka da zarar gonar ta fara fari, Tsoho zai hau mota zuwa kasuwar Jega, ya bi masu gyaran kifi ya tattaro kayan ciki a bokiti, ya zo ya rarrataye a tsumma tsakanin fangula, wato kwamin shuka. Kwana biyu gonar ta cika da ƙugin ƙuda. Wanda ya zauna kusa da shi a mota ranar bokitin ba ya mantawa. Kakata takan hana shi shiga ɗaki sai ya yi wanka da sabulu sau biyu, ni kuwa in tsaya a tsakar gida ina ce mata ga saurayi mai ƙamshin turare tana zaune da mai ƙarni, ta tattaro kayanta mu gudu. Yakan leƙo daga banɗaki ya ce in na isa in ciyar da ita sati ɗaya ya bar mini.

Ƙudajen nan ne suka raba shi da Baffa. Wata shekara ƙwari suka sauka a albasar Baffa, wadda take maƙwabtaka da gonar iri. Tsoho ya ce masa ya haƙura da feshi har fure ya wuce. Baffa ya ga gonarsa tana ƙonewa a gabansa, ya faki ranar da Tsoho ya tafi jana'iza Aliero, ya yi feshinsa. Iska ta kwashe maganin ta kai inda ba a aike ta ba. Washegari gonar iri ta yi tsit. Da aka sussuke irin shekarar, yawancinsa fanko ne. Baffa ya ce a yi shiru a gauraya da ɗan mai kyaun da aka samu, kowa ya karɓi rabonsa, ai tsiro na Allah ne. Ranar da mutane suka taru karɓar iri, Tsoho ya sa aka kawo babbar ƙwarya cike da ruwa, ya ɗebi irin ya zuba a gaban kowa. Mai kyau yakan nutse, fanko yakan taso. Kusan duka ya taso ya rufe fuskar ruwan. Ya ce ga abin da ya samu bana, wanda ya nutse za a raba komai ƙanƙantarsa, kowa ya rage fangulansa. Wani ya tambayi abin da ya jawo, ya ce a tambayi ɗansa.

Wannan kalma ta ƙarshe ita ce laifin Tsoho, kuma ba zan ɓoye ta don ya mutu ba. Yana iya rufa wa ɗansa asiri bai rufa ba. Baffa ya bar noma daga shekarar, ya koma fataucin albasa zuwa kudu, kuma sun fi shekara biyu gaisuwa kawai ke haɗa su. Da suka shirya, sau biyu Baffa yana cewa zai kai shi Makka. Sau biyun Tsoho yana cewa baɗi, wai uwaye suna rudu, wai dashe ya matso. Bai je ba har ya koma ga Allah. Ban san ya taɓa kwana uku a jere a wajen Jiga Birni ba.

Mutumin da ya tona ɗansa a gaban jama'a, shi ne kuma ya rufa wa baƙo asiri. Lokacin da aka turo malamin gonan nan na Zuru, yaro ne sabon fitowa daga makaranta, an gabatar da shi a matsayin ƙwararre. Ya tara manoma ya nuna musu yadda ake shuka iri a layi maimakon watsawa, da irin da ya ɗauko daga ma'ajiyar ofis, bai san ya kwana biyu a can ba. Aka jira, ko ɗaya bai fito ba. Mutanenmu kuwa ba a bar su a baya ba wajen ba'a, har yara suka fara binsa suna tambayarsa yaushe takarda za ta tsiro. Tsoho ya je ya tona fangalin, ya murza ƙwayar a hannu, ya ce irin ne ya tsufa, aikin yaron ba shi da aibi. Sannan ya kira shi gonarsa, ya ba shi irinmu, ya ce ya shuka masa a layin nan nasa a gaban mutane. Ya fito kore shar. Daga ranar ba'a ta mutu, kuma har yau a layi muke shukawa. Shi ne ma ya koya wa Tsoho ɗaga ƙasan rudu sama don iska ta riƙa ratsawa, Tsoho kuma bai taɓa jin kunyar faɗin wurin wanda ya koya ba.

Da aka yi wa malamin canjin wurin aiki ya zo sallama, muka raka shi bakin hanya. Motar ta tafi, Tsoho yana tsaye yana kallonta har ta ɓace. Ya ce mini, "Ka ga ƙwararre. Ilimi nai na bin shi dut inda za shi. Nau ko, ni ka bin shi." Na yi dariya na ce to ya roƙi gwamnati ta yi masa canji shi ma.

Shekaru biyun ƙarshe idonsa ya yi hazo. Yatsansa yana nan yadda yake, amma ba ya ganin launin ɓawo, ba ya ganin kan da ya fara buɗewa. Na zama idonsa. In tashi daga makaranta a Maiyama, in biyo ta Jega a babur, in iso fadama kafin la'asar ta yi sanyi, ina gaya masa abin da na gani yana gaya mini abin da za a yi. Ranar da na sanar da shi na ɗaga karatuna saboda shi, na zaci zai sa mini albarka. Sai ya ɓata rai ya ce wa ya ce in zauna, shi bai aike ni ba, kuma hannun alli ba abin da zai tsinana masa. Maganar ta yi mini ciwo ƙwarai. Na yi kwana huɗu ban je ba, a na biyar na kasa, na koma. Ya karɓe ni kamar jiya muka rabu, ya ce layin bakin rijiya yana son a rage masa ruwa.

Ya mutu ina riƙe da wannan a zuciya. Na yi masa shekaru ina bauta, ko sau ɗaya bai ce na iya ba, balle na ƙware. Ga shi kuma mutanen gari sun ɗora mini sunan da shi ya hana ni ko ƙasa da shi.

Bayan sadakar bakwai na shiga wurin kakata da rana, tana cikin takaba, ta rame. Don in sa ta dariya na ce to abokin takarata ya janye, sai ta shirya in ta fita takaba. Ta yi dariyar kuwa, ta ce ita ta gama auren masu ƙarnin kifi, wanda za shi Zariya take so. Sannan ta ce in zauna. Ta tambaye ni ko na taɓa lura da abin da Tsoho yake yi in mun je kasuwar Jega, bayan ya cika bokitinsa. Na ce na lura. Yakan je inda ake lodin albasa ya tsaya wurin direbobin manyan motoci, yana tambayarsu hanya: daga Kontagora sai ina, gadar wane gari ce ta lalace, kwana nawa ake yi kafin a ga teku. Ya haddace garuruwan hanyar kudu a jere kamar ya shekara yana bin ta. Ni na ɗauka son hira ne.

Ta ce yana matashi, ba a daɗe da kawo ta gidan ba, ya samu wani mai babbar mota a Jega ya yarda zai ɗauke shi ya koya masa tuƙi. An sa rana. Ana saura 'yan kwanaki suka je zaɓen uwaye da mahaifinsa, mahaifin ya tsaya yana kallon hannunsa, daɗi ya kama shi, ya juya ga mutanen da ke wurin ya ce yaron nan gwani ne. Daga ranar mutane suka riƙa wuce uban suna tambayar ɗan. Aka ce ya bari a gama zaɓe, aka ce ya bari damina ta wuce. Shekara na zagayowa uban ya rasu.

Ta ce, "Ya rantse bakinai ba ya hwaɗin kalmag ga bisa wanda shika so. Dut albasad da ka zaɓa tun kana yaro, in ka juya baya, cikin kwando shika sa ta. Ya ce min hannun yaron ga ya hi nau, kada ki bari shi sani, kada ki bari gari shi sani. Na riƙe mai har yau. Yanzu na hwaɗa maka don ka bar jin haushi nai, ka tashi ka tahi."

Na fito daga ɗakin ban san inda zan sa kaina ba. Na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Na ji kunyar haushin da na riƙe, na kuma ji wani sabon haushin, domin ya bar ni shekara da shekaru ina ganin kaina ba komai ba. Kakata ta faɗa mini ne don ta sallame ni, amma ta ƙara mini nauyi ba ta sani ba. Da ina da mafaka, ina cewa ban iya ba, in na tafi ba a yi asarar komai ba. Yanzu ta rushe mini ita.

Makonnin da suka biyo baya na yi su kamar wanda aka sa wa ido. Ina ba gonar ruwa, ina sabunta tsumman kifi, ina koyarwa da safe. A hanya in aka ce sannu gwani sai in ce malam nake, a yi murmushi a ce tawali'u gado ne. Wata mata ta aiko mini da fura, wai ta gwani ce. Ba wanda ya ce kada in tafi. Da wani ya faɗa, da na samu wanda zan yi wa gardama.

Baffa ne ya tsaya mini, kuma ban zata daga wurinsa ba. Ya ce shi ya san abin da gonar nan ta ci a gidanmu, ba za ta ƙara cin wani yana raye ba. Zai ɗauko 'yan ƙwadago, ranar da yawancin kawunan suka nuna a yanke duka a wuni ɗaya, abin da aka samu a raba, baɗi kowa ya nemi irin da ake sayarwa a gwangwani a kasuwa kamar sauran duniya. Na san abin da yankan wuni ɗaya yake nufi, shi ma ya sani. Na ce to. Na karɓi takardar sallama daga makaranta, na yi sallama da ɗalibaina, na haɗa kayana a jaka ɗaya. Kakata ta sa aka daka mini yaji da dakuwa.

Ranar tafiya ta zo daidai da ranar yankan. Ban shirya hakan ba, Baffa ma bai shirya ba, ranar ce 'yan ƙwadagon suka samu sarari. Na ɗauki ɗan kabu-kabu da sassafe zai kai ni tashar Aliero. Hanyar ta bakin fadama take bi, na kuwa yi niyyar kawar da kaina har mu wuce. Ban kawar ba. Na hango su su biyar da wuƙaƙe, Baffa yana tsaye da buhuna, kuma sun fara ne daga layin bakin rijiya, inda danshi yake daɗewa. Daga kan babur ina ganin kawunan wurin ba su gama juyawa ba.

Na ce wa mai babur ya tsaya minti ɗaya, zan gaya musu su fara daga gabas kawai. Na tsallaka kwalbatin na shiga. Na kama kai ɗaya na murza, ƙwayar ta fashe da ruwa fari a yatsana. Na ji bakina yana cewa ba yau ba, wannan layin sai jibi. Na kai su gabas, na ce nan ma ba duka ba, wanda na taɓa shi za su yanka. Na shiga gaba ina taɓawa suna bina. Wannan ya yi, wannan gobe, wannan a bar shi. Ban yi tunanin komai ba, hannuna ne yake tafiya, kuma, Allah ya gafarta mini, na ji daɗin da ban taɓa ji a aji ba.

Da na ɗaga kai rana ta yi sama. Masu gonakin kusa sun bar aikinsu sun jeru a bakin fangali, fuskokinsu a sake. Baffa ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Ɗana, mota za ta tashi ta bar ka." Na ce masa gobe ma akwai mota. Ya dube ni, ya dubi layin da na ce sai jibi, ya juya ya tafi. Na sallami mai babur na ce ya mayar da jakar gida.

Yankan ya ɗauki kwana goma sha tara. Ranar da aka sa mini a Zariya ta wuce ina tsakiyar gona. Da aka zuba irin a ƙwarya kusan duka ya nutse, dattijon Giwa Tazo ya ce bai ga mai kyaunsa ba tun Tsoho yana da ido. Ana gama rabo aka fara aiko mini daga gonaki cewa an cire albasa an tara, ba a bari kowa ya taɓa ba, ana jirana. Yanzu damina ce, uwaye suna rudu, ina juya su duk bayan kwana uku.

Allah ya jiƙan Tsoho, ya yafe masa zafin bakinsa, ya saka masa da abin da ya yi ƙoƙarin yi mini ko da bai yiwu ba. Allah ya sauke shi inda ba wanda zai kira shi don buƙata, ya buɗe masa hanyoyin da bai samu bi ba a nan.

Ranar da mai babur ya kai jakar gida, an ce kakata ta fito har zaure duk da takabarta, ta tsaya a kanta ta daɗe. Matar Baffa ta sunkuya za ta shigar da jakar ciki, kakata ta riƙe mata hannu ta ce, "Ku bar ta nan kusa da ƙohwa, tahiya za ya yi." Da ranar Zariya ta wuce na ce mata ai an riga an rufe, ta ce ita ba ta ji ba. Kayan sawa ma sai da na ɗinka wasu, domin ta hana a buɗe ta. Wata biyar ke nan, kullum da safe tana fitowa ta kakkaɓe mata ƙura, ni kuma ina raɓa ta in wuce fadama.